Taragon Shanu da Hannuna Mai Karkarwa

Assalamu alaikum. Na san na daɗe ban ce uffan a shafin nan ba, tun kafin damina. Masu tambayar ina na shiga, ku yi haƙuri. Ciwo na yi.

Ga sababbin zuwa: ni malamin makaranta ne a Yelwa. In na tashi aiki nakan haɗa ƙananan taragun jirgin ƙasa, tsawon tafin hannu, sannan in tsufar da su. In kankaro tsatsa daga tsohon kwanon rufi, in dama da gam, in ɗiga a kan kusoshi. Garin gawayi shi ne hayaƙi. Lakar bakin ruwa kuma ta ƙafafu ce. Babana ya yi aikin reluwe a Minna, a wurinsa na gaji son abin.

Aikin duk na hannu ne. Hannun kuwa shi ya fara nuna ciwon.

Ina cikin yi wa wani taragon shanu tsatsar ƙofa, sai burushi ya zame ya ɓata min gefe guda. Na goge, na sake, ya sake zamewa. Na ɗaga yatsuna na ga suna rawa su kaɗai.

Daga nan sai zufa, ko da fanka. Zuciya na bugu kamar na yi gudu. Ina cin tuwo kamar mutum biyu, amma wando na zame min. A kemis aka ce maleriya, aka sake cewa taifod. Inna ta ce baki ne, ta kawo rubutu. Duka na sha.

Ranar da alli ya faɗi daga hannuna a gaban ɗalibai, matata Hauwa ta ce asibiti, ba shawara.

Aka tura mu Sakkwato. Layi tun asuba, kati, awon jini, hoton wuya, awon zuciya. Gwajin kaɗai ya cinye albashin wata, sai da Hauwa ta sayar da tunkiyarta. Likita ta sa na miƙa hannaye, ta ɗora min takarda a kansu. Takardar ta yi ta kaɗawa.

Ta ce, "Malam, maƙoƙo ne, irin mai aiki fiye da kima. Ana warkewa, amma sai an jure magani."

Ni abu ɗaya na tambaya: hannuna zai dawo? Ta ce mu yi fata. Wannan amsar ta fi allura tsoratar da ni.

A nan wani ciwon ya shigo, wanda ba a gwada shi.

Na koma kallon hannayen mutane. Nas mai ɗibar jini ta soka allura sau ɗaya ta samu jijiya, sai na ji haushinta. Tsohon da ke ɗinkin koma a bakin ruwa, haushinsa nake ji. Har Hauwa in tana zira zare.

Amma duk ba su kai Garba ba.

Garba abokina ne tun firamare, fentin mota yake yi a gareji. Ni na koya masa wannan aikin, ni na ba shi burushinsa na farko. Ya zo dubiya ina barci, ya ga taragon shanun a ajiye, ya roƙi Hauwa ta ba shi.

Sai ganin hoto na yi a zaurenmu na masu wannan sha'awa. Ya rubuta, "Aikin Malam Sani ne, na ƙarasa mai."

Wallahi ya yi kyau. Tsatsar ta gangaro daga maƙalar ƙofa kamar ruwan shekaru ne ya jawo ta. Har ɓurɓushin ciyawa ya saka tsakanin katako.

Na bi yabon ɗaya bayan ɗaya, waya na rawa a hannuna. Wani daga Kaduna ya rubuta, "Malam Sani, wannan ya fi duk na baya." Na kife wayar. Ranar ban ci abinci ba.

Washegari Garba ya kawo taragon, da kifi ɗanye daga Wara.

Na ce, "Wa ya sa ka?"

Ya ce, "Haba Sani, mi ya yi zahi? Don ka ji daɗi na yi."

Na ce, "Jira kake in kwanta ka nuna ka fi ni."

Garba ya ajiye taragon. Ya miƙa wa Hauwa kifin ya fita. Inna tana tsakar gida, ta ce, "Wanga ba halinka ba ne." Na juya mata baya.

Da na koma asibiti, likita ta ce ciwon yana sa saurin fushi. Na ce hassada fa? Ta yi dariya ta ce wannan ba ta gani a jini.

Watanni ina shan ƙwayoyi, ana rage su bayan kowane awo. Zuciya ta lafa. Kumatu suka dawo. Zuwana na ƙarshe likita ta ɗora min takardar a hannu, takardar ba ta kaɗa ba. Na yi kuka a gaban matar nan.

Daga tasha garejin Garba na wuce. Yana goge wata tsohuwar bas. Na ce ya yafe min. Ya ci gaba da gogewa, sannan ya ce, "Ka rame ka ƙara rashin kunya. Zauna."

Na tambaye shi yadda ya yi tsatsar ƙofar. Ya ce ganyen shayi ya jiƙa. Ni da na koya masa, ban taɓa tunanin haka ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau abin yana ɗan ci min rai.

Na fara sabon tarago, na man fetur. A hankali nake yi.

Alhamdu lillahi. Na gode wa Hauwa, da Inna, da likitar da ba ta gaji da tambayata ba. Garba, Allah ya bar zumunci.

Ku kuma, in kun ga hannu na rawa, kuna ci kuna ramewa, ku bar zagayen kemis, ku nemi awon jini na maƙoƙo. Kada ku daina magani don kun ji sauƙi. In kuma abokinku ya kwanta, ku kai masa kifi, ku zauna da shi. Amma ku tambaye shi kafin ku taɓa aikinsa.