Luguden Inna Cima ta bayan katanga

Inna Cima ta rasu. Da safen nan ɗanta Sani ya kira ni daga Dakoro, ina shirin fita lakwal, makarantar da nake koyarwa. Na zauna bakin gado da takalmi ƙafa ɗaya, na kasa sa ɗayan.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da yawanku ba ku san ta ba. Maƙwabciyata ce lokacin da nake koyarwa a Dakoro, katanga ɗaya ta raba mu. Tsohuwa mai fura, mai tsokana, ba ta taɓa kirana da sunana ba sai "Madam".

Shekarar korona aka rufe lakwal, aka rufe hanyar Yamai, maigidana ya maƙale can. Aka bar ni da yara uku a gida, ba fita, ba mai shigowa. Sai na koma kwance da waya a hannu, ina bin labarin masu mutuwa a ƙasashen da ban ma san inda suke ba. Barci ya ƙi, abinci ya ƙi. Yara su yi magana in ji kamar ana buga mini kai. Har ƙaramarsu ta daina zuwa kusa da ni, kuma na lura, amma na kasa komai.

Ita ma Inna, Sani ya hana kowa shiga wurinta saboda hawan jini.

Wata rana da hantsi na ji muryarta ta kan katanga.

"Madam, kina da rai?"

Na ce ina nan, Inna.

"Ina jin motsin kowa a kartiyen ga, duk unguwa, ban da gidanki. Ko kukan yara babu. Mi kuka ci?"

Na ce muna kai hatsi inji, ana kawo gari.

"Inji shina niƙa hatsi, ba shi niƙa zuciya. Jawo turminki nan gindin katanga."

Na ce Inna, ban iya daka ba tun ina budurwa. Ta yi dariya har da tari.

"To yau za a ga boko. In na buga, ki buga. Wa ya ce sai turmi guda aka lugude?"

Haka muka fara. Ita can, ni nan, ba mai ganin wani. Ta sauke taɓarya, in sauke tawa. In na yi sauri ta ce, "Madam, ba dikten da kike ba yara su rubuta ba ne, jira ni." In na yi shiru ta tsaya ita ma, ba ta sake bugawa sai na amsa. Ranar farko hannuna ya yi bororo, na yi kuka sosai kan turmin nan, kuma ba don hannun ba. Ta jira na gama, ta buga sau ɗaya, na amsa.

Daren nan na yi barci.

Kullum da hantsi sai mun yi. Yara suka fara fitowa suna tafi. Ƙaramar, Rabi, ta ɗauko muciya tana buga ƙasa kusa da ƙafata, wata rana kuma ta kama zanena ta jingina. Ban san yadda zan gaya muku abin da na ji ba. Ƴata ce ta dawo mini.

Daga baya Sani ya faɗa mini ai Inna ta bar daka da daɗewa saboda kafaɗa, jikokinta ke yi mata. Yawancin ranakun nan turmin nata ba komai a ciki sai ƴar dusa.

Da aka yi mini canjin aiki zuwa Kornaka ban daina leƙa ta ba. Ganinmu na ƙarshe bayan sallar layya ne. Ta rame, amma bakin yana nan. Ta riƙe tafin hannuna tana shafawa.

"Ya yi laushi. Kin koma inji ke nan."

Na yi dariya na ce aiki ne, Inna. Ta ce, "Ba komi. Amma ki dinga sauraren katanga. Gidan da kinka ji shiru, ba lafiya ba."

Yau ban je lakwal ba. Na jawo turmi na zuba hatsi. Ina cikin daka Rabi ta ce, "Mama, me ya sa kike tsayawa bayan kowane bugu?"

Ban ma san ina tsayawa ba. Jiranta nake.

Allah Ya jiƙan Inna Cima, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta. Yadda ta ji shiruna ta amsa, Allah Ya amsa mata da rahamarSa. Ya ba Sani da jikokinta haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce. In kuma akwai gidan da ya yi shiru kusa da ku, ku ɗaga murya ta kan katanga.