Gwaggo Tela da haɗin haƙori

Gwaggona, yayar babana, ta yi rayuwarta a kan keken ɗinki har sunanta ya ɓace, kowa Gwaggo Tela yake ce mata. Da gwiwa ta hana ta taka keke, mun ɗauka za ta zauna ta huta. Ina! Wata safiya sai ga ta a shagon kafintan bakin layinmu, da katako ɗaya a hammata.

Katakon nan shi kaɗai ya tsira daga teburin da ita da marigayi mijinta suke yankan yadi a kai, sauran duk gara ta cinye. Ƙaramin akwati take so ta yi da shi, da hannunta, kuma ba ƙusa ko ɗaya. Ta ga kafintan yana yanka haƙora a bakin katako, masu faɗin kai da siririn wuya, suna shiga juna kamar yatsun hannu biyu. Tun ranar ta hana kowa sakat.

"Mama, ki bari in yi miki mana," in ji kafintan.

"Ɗan nan, koyo na zo, ba aike ba. Miƙo zarton."

Ya fara koya mata da guntayen da ya zubar. Ni nake raka ta, kuma wallahi ban taɓa ganin ta cikin zumuɗi haka ba. Garin katako har a gira, tana yanka tana surutu, ta dawo gida ta tare baƙi da labarin kurfi, ƙarfen da ake fere katako da shi. A guntaye kam tana bin layin fensir daidai, don ba ta jin tsoron ɓata su.

Ranar da ta ɗora zarto a kan katakon mijinta, kafintan ya fita sayo gam. Tsoro ya kama ta, sai hannun tela ya dawo. Kowane haƙori ta bar masa ɗan ƙari a bayan layi, yadda ake bar wa yadi wurin ɗinki. Ta zo haɗawa, haƙora suka ƙi shiga. Ta ɗaga guduma, ta fasa bugawa, ta zauna a benci idonta ya ciko.

"Na kashe shi," ta ce.

Kafintan ya dawo, ya juya katakon, sai ya fashe da dariya.

"Mama, riga kika ɗinka masa? Ai da kin ci layin ne za mu yi kuka. Wannan ragewa kawai za a yi."

Ta zabura kamar ba mai ciwon gwiwa ba. Ta ɗauki kurfi tana fere kowane haƙori kaɗan-kaɗan, ta gwada, ta sake ferewa, har rana ta karkata. Sai ta daidaita kusurwar farko ta danna da tafin hannu. Ƙwas! Ta shige. Ta ja da ƙarfinta, ko motsi.

Ihun da ta yi sai da mai gyaran babur na maƙwabta ya leƙo. Ta ba kowa ya ja, har ni. Da hayaniya ta lafa, ta shafa tsofaffin zanen almakashin da ke jikin katakon, ta yi ƙasa da murya kamar marigayin yana jin ta.

"Malam, ka gani ko? Ban ɓata maka ba."