Gyaran da Alhaji yake zuba wa maƙwabciyata

Shekarun baya, muna zaune a Gure ina goyon ɗiyata ta biyu, wani abu ya faru wanda har yau in na kwance bakin buhun fulawa sai ya faɗo mini a rai. Shekarar da darajar sefa ta faɗi ce. Kayan kanti suka yi tsada, kowa ya koma tattali, har wanda bai saba kankare gindin tukunya ba ya koya.

Katanga ɗaya ce tsakanina da maƙwabciyata. Ta girme ni nesa, Yaya nake ce mata, ita kuma in tana son tsokanata sai ta ce mini matar mushe, don maigidana malamin lekkol ne, wato makarantar boko, kuma mushe ake ce wa malamai a can. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Da suyar fanke take riƙe da su, tana kaiwa bakin lekkol ɗin da maigidana yake koyarwa, in an saki yara shan iska su saya. Ni shaida ce kan tsabtarta. Kaskonta da toka take goge shi har ya yi ƙyalli, kuma farin ƙyallen da take rufe tire da shi ya fi ɗankwalina na zuwa biki haske.

Wata rana ɗiyar wani ma'aikacin asibiti ta gutsuri fanke ta ga tsutsa a ciki. Kafin a tashi daga lekkol magana ta zagaye unguwa. Masu cewa dama sun daɗe suna jin ɗaci-ɗaci a fanken suka fito, masu cewa yana wani wari su ma suka fito. Diraktan lekkol ya kira Yaya ya ce ta dakata da kawowa, in iyayen yara sun yi taronsu za a yanke ko ta dawo ko a ba wata wurin. Kuma akwai masu jiran wurin.

Ta shigo gidana ta zauna a bakin tabarma, ba ta yi kuka ba. Ta ce rashin cinikin da sauƙi, kalmar ƙazama da aka liƙa mata ita ce ta hana ta cin abinci. Sai ta dube ni ta ce:

"Ke da kika yi boko, ki duba mini. Na wanke, na tankaɗe, na rufe. Me na rage?"

To, kun san mai ɗan karatu in aka ce ta duba. Na yi kolej har aji huɗu, sai na gyara zama na hau yi mata bayanin ƙwayoyin cuta kamar ni na ƙirƙiro su. Na sa ta canza mai. Na sa ta tafasa ruwan kwaɓi. Na binciki yis, na shinshini sukari, har randarta na leƙa. Fulawa kaɗai ban zarga ba, don kanti ɗaya muke saye, kuma tawa ba ta taɓa ba ni matsala ba. Maigidana yana kallona yana murmushi, ya ce in na gama da gidan Yaya in taimaka in zo in duba masa dalilin da ya sa miyarmu ta kwana biyu ba gishiri. Duk abin da na sa ta yi ta yi, ɗan fanken da take soyawa tana sayarwa a ƙofar gida bai daina wannan ɗacin ba.

Ana nan sai sukarina ya ƙare, na yafa mayafi na raka ta kanti. Mai kantin dattijo ne, daga zuriyar 'yan kasuwar Damagaram da suka daɗe a Gure, kowa Alhaji yake ce masa. Sahu ɗaya suke sallah da maigidana. Mutum ne mai kyauta, wanda ba ya iya auna maka abu bai yi maka gyara ba, wato ɗan ƙarin nan da mai sayarwa yake ɗorawa bayan an cika mudu. Ya auna wa Yaya fulawarta daga sabon buhu, fara tas. Daga nan sai na ga ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani tsohon daro mai murfi, ya cika kwano guda da fulawar ciki zai juye mata a kai, yana cewa ga na marayu.

Ni ba daga daron nan ake yi mini gyara ba. Nawa ɗan tafin hannu ne daga bakin buhu. Kuma daron yana jingine da bango, dab da randar ruwan shansa, inda ƙasa ba ta bushewa. Ban san lokacin da na miƙa kwanon da na zo da shi ba, na ce ya zuba a nan, ƙwaryar Yaya ta cika kada ya zube. Ya zuba. Na tambaye shi, kamar dai hira, wace fulawa ce wannan. Da fara'arsa ya gaya mini: in buhu ya ƙare yana kakkaɓe shi a daron, da abin da ya maƙale a kusurwoyi, da wanda ya zuba a tebur wajen awo. A wannan tsadar, in ji shi, zubar da abinci alhaki ne, gara ya tara wa mabuƙata. Ya ƙara da cewa daron nan akwai albarka a cikinsa, tun da ya fara tarawa bai taɓa ganin gindinsa ba.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ta tsaya mini.

Da muka koma gida, ba karatun kolej ne ya yi mini amfani ba, dabarar mahaifiyata ce. A gidanmu can Gidigir in tana shakkar gari, ba ta tsayawa tona shi da yatsa. Sai ta zuba a faranti, ta shafe samansa da bayan ludayi ya yi sumul, ta ajiye a rana ta tafi aikinta. In akwai mai rai a ciki, zafi zai taso shi ya yi tafiya a kai, ya bar sawu. Haka na yi. Faranti ɗaya na buhu, ɗaya na gyara. Kafin in gama wanke-wanke, na buhu yana nan sumul yadda na bar shi. Na gyara kuwa duk ya zane, layi-layi a karkace kamar rubutun yaron da ya fara riƙe alli. Ƙananan ƙwari jajaye suna yawo, ga tsutsotsi sirara farare waɗanda in ba motsi suka yi ba, ba ka raba su da garin, irin waɗanda ke bi ta idon rariya su wuce. Na kai hanci, ga warin nan da ake faɗa.

Na yi zaton Yaya za ta yi murna. Sai ta kama hannuna ta ce in rufa mata asiri in bar maganar a nan. Mutumin da yake tuna marayunta alhali dangin ubansu ba su tuna ba, da wane baki za ta ce abin hannunsa ne ya ja mata? Gara a ba wata wurin, Allah ba zai hana ta wata ƙofa ba. Maigidana ma da na gaya masa sai ya ce kantin mutum mutuncinsa ne, in bi a hankali.

Na fahimce su duka, amma zuciyata ba ta yi rawa ba. Na san Alhaji ba mugu ba ne, kuma na san ba Yaya kaɗai ake zuba wa daga daron nan ba. Abin da na tsaya a kai shi ne ba zan kai maganar bakin kanti ba, kuma ba ni zan faɗa ba, idonsa zai gaya masa.

Washegari da hantsi na shiga wajen matarsa, Hajiya, don gidansu yana haɗe da kantin. Bayan mun gaisa na roƙe ta farantai biyu da ludayi, na ce ta taimaka ta kira mini Alhaji, ya ɗebo fulawa da hannunsa, ɗaya daga buhu ɗaya daga daro. Ya shigo yana dariya.

"Matar mushe, yau ke ce za ki ba mu darasi? Ni fa na wuce shiga aji."

Na ce darasin ba nawa ba ne, na tsohuwata ne, kuma ba a biya. Na shafe farantan na ajiye a tsakar gida. Hajiya ta kawo mana kunu, muka yi ta hirar tsadar kaya da kamiyon Damagaram mai kawo kaya da ya yi jinkiri. Ina magana, amma ina ta salati a zuci. Na ce yau in ƙwarin nan suka ƙi fitowa, na shiga uku da tsiyar Alhaji har in bar garin.

Suka fito. Hajiya ce ta fara gani, ta ajiye ludayin kununta. Alhaji ya tsuguna a gaban farantin ya daɗe yana kallo. Abin da ya fara cewa shi ne yana da sauran garin maganin fara, bari ya barbaɗa a daron da bayan buhuna. Na ce a'a Alhaji, ƙwaro ɓata ɗanɗano yake yi, wancan kuwa rai yake ɗauka, kada ya kusanci abin ci. Hajiya ta ce dama ta sha gaya masa daron nan ya kai a wanke shi, ya ce mata albarka ba a wanke ta.

Sai na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ji labarin an dakatar da Yaya, amma shi ma ya ɗauka mai ne. Da ya haɗa zancen, na ga fuskarsa ta canza. Ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar, ya ce a hankali:

"Allah Ya hana mu zaɓar mara kyau mu bayar. Ni ban zaɓa ba, amma shi na bayar. Ina neman lada a kan marayu, ashe abincinsu nake cirewa daga bakinsu."

Da kansa ya ɗauko daron ya juye wa kaji. A ƙasansa fulawar ta dunƙule ta koma ruwan toka, da saƙa-saƙa kamar yanar gizo. Hajiya ta sa masa ruwan zafi da sabulu ta kife shi a rana. Da zan fita na tsaya a bakin zaure na ce, "Wurin Yaya fa, Alhaji?" Ya juya ya koma kanti, ni ma ban ƙara ba. Na dawo gida ina tunanin iyakar abin da mace irina za ta iya ke nan, sauran na Allah ne.

Ranar taron iyaye ban je ba, maigidana ne ya ba ni labari. Ya ce ana tsakiyar maganar wadda za a ba wurin, sai ga Alhaji ya shigo riƙe da daron nan wankakke. Ya yi sallama, ya nemi izini, ya ce baiwar Allah nan ba ta da laifi, tsutsar daga kantinsa ta fito, daga cikin wannan daron, kuma shi ya zuba mata da hannunsa. Ya bayyana yadda abin yake ba tare da ya rage komai ba. Ya ce duk mai shakka ya zo kanti da farantinsa, ya shafe fulawa ya sa a rana ya gani. Ma'aikacin asibitin nan, uban yarinyar, shi ya fara cewa a mayar da ita.

Ba a banza ya sha ba. An yi ta maganarsa a kasuwa, wasu suka ɗauke ƙafa daga kantin na ɗan lokaci. Shi kuwa ya fitar da kaya duka ya share, ya toshe tsagogin bango, ya ɗora buhuna a kan katako nesa da jikin gini, randa ta koma waje. Ba ya buɗe sabon buhu sai na farko ya ƙare, wanda ya ƙare kuma a kakkaɓe wa kaji a shanya. Waɗanda suka tafi suka dawo, har da waɗanda ba sa zuwa a da. Yaya ta koma bakin lekkol da farin ƙyallenta, kuma da fanken nan ta aurar da 'ya'yanta mata biyu. Gyaranta bai ragu ba, kwano guda ne kamar da, sai dai daga bakin sabon buhu.

In na tuna wannan abu, ba wayona nake gani ba, don ludayin mahaifiyata ne ya yi aikin. Abin da ya zauna mini shi ne niyya mai kyau ita ma tana son a riƙa leƙa gindinta. Tun daga lokacin ba na juye sabon gari a kan tsoho, komai ƙanƙantar saura, sai mazubi ya ƙare an wanke ya sha rana. In zan ba wani abu, nakan tambayi kaina ko daga baki na ɗebo ko daga ƙasa. Na kuma gane cewa mutumin kirki in ka nuna masa a cikin gida, ba ka tozarta shi a titi ba, sau da yawa shi da kansa zai kai gaskiyar inda kai ba za ka iya kai ta ba.

Alhaji ya daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta. Har muka bar Gure, duk ranar da na shiga kantinsa sayen fulawa, sai ya cika tiya, ya shafe samanta da tafin hannu, ya tura mini gabana ya naɗe hannuwa ya ce:

"Matar mushe, kada ki yi sauri. Jira mu ga ko za su yi rubutu."