Ɗan Ayun Da Kakale Ya Ɓoye A Ƙarƙashin Ruwa

Wata rana da hantsi, a bakin kogin Kwara can wajejen Yawuri, wani masunci mai suna Kakale ya je ɗaga ragarsa, sai raga ta ƙi ɗaguwa.

Ya ja, ta ja. Ya kafa ƙafa a jikin kwalekwale ya sake ja, yana ta murna a ransa cewa yau giwan ruwa ta shigo hannu.

Da abin ya taso, Kakale ya saki baki.

Ba giwan ruwa ba ce. Wata halitta ce mai launin toka, jikinta sumul, ba ƙaya ba ɓawo. Ga leɓe mai kauri, ga 'yan gashin baki, ga idanu ƙanana suna kallonsa. Tsawonta bai wuce na tabarya ba.

Ɗan ayu ne, jama'a! Ayu da ransa!

Wanda bai san ayu ba, wata dabba ce ta ruwa mai sanyin hali, ciyawa kawai take ci, ba ta cizo ba ta faɗa. A da tana da yawa a kogunanmu. Farauta da raga da masu neman kitsenta don magani suka tasa ta a gaba, har ta kai yau akwai masuntan da suka yi furfura a kan ruwa ba su taɓa ganinta ba. Kakale ma a hira kawai yake jin sunanta.

A hira, sai kuma a hoto. Domin kafin damina wata mai bincike daga jami'a, Malama Luba, ta zo garinsu ta tara masunta a ƙofar gidan Sarkin Ruwa. Aikinta ke nan, bin sawun ayu da neman yadda za a hana shi ƙarewa. Ta nuna musu hoto, ta roƙe su duk wanda ya kama kada ya yanka, kada ya bari ya mutu, ya kira ta. Ta ba su lambarta.

To, Kakale mutumin kirki ne, amma Allah ya yi shi da gaggawa. Irin mutanen nan ne da kana tsakiyar magana za su ce maka sun gane. Yana karɓar lamba ya kakkaɓe wando ya nufi bakin ruwa, sauran bayanin ya bar wa masu zaman ji.

Yanzu ga ayu a hannunsa. Murna ta cika shi. Ya warware masa raga a hankali, yana shafa bayansa yana yi masa sannu kamar wanda ya ɗauki jinjiri.

Sai tsoro ya biyo bayan murna. Rana ta fara zafi, ga kwalekwale na wucewa jefi-jefi. Idan labari ya isa kasuwa, kafin azahar masu wuƙa sun iso, kuma ya san ba zai iya da su ba.

Ina zai ɓoye shi?

Nan Kakale ya yi abin da duk masunci yake yi idan yana son kifinsa ya kwana da rai. Yana da wani babban keji na ƙarfe da raga, wanda yake tara tarwaɗa a ciki har ranar kasuwa. Ya juye tarwaɗar a kwalekwale, ya lallaɓa ya sa ɗan ayu a ciki, ya ɗaure murfi tamau. Ya nutsar da kejin a gindin ciyawar burgu, ya ɗora dutse a kai don kada ya taso wani ya gani.

Ya dubi wurin, ruwa ya lafa, ko alama babu. Wallahi har yaba wa kansa ya yi.

A kan ruwa babu sabis ɗin waya, sai a wani ɗan tudu da ke kusa. Ya tuƙa da sauri, ya haye da gudu, ya ɗaga waya sama yana neman sanda ɗaya. Ta shiga!

"Malama! Kakale na, daga Yawuri! Na kama shi, wallahi na kama ayu, ɗan ƙarami, da rai!"

Malama Luba ta yi wata ƙara da sai da ya janye wayar daga kunne. Tana dariya tana kabbara, tana cewa yanzu za ta nemi mota. Sai ta tsaya.

"Malam Kakale, ina ka ajiye shi?"

"Kwantar da hankalinki, Malama. Shina cikin keji, ƙarƙashin ruwa. Har dutse na aza mai."

"Innalillahi! Fito da shi! Ayu ba kifi ba ne, iska yake shaƙa kamar ni da kai! Ruwa zai kashe shi! Gudu, Malam Kakale, gudu!"

Wayar ta suɓuce daga hannunsa, bai ko waiwaye ta ba.

Bai san yadda ya sauko daga tudun ba. Takalmi ɗaya ya tsaya a laka, ya bar shi. Ya faɗa kwalekwale yana tuƙi kamar zai karya filafili, bakinsa ba abin da yake fita sai "Ya Allah, ya Allah."

Yana dosar ciyawar sai ya ga ruwan wurin yana motsi. Wani abu ne babba a ƙasa, yana kewaya daidai inda kejin yake, kumfa na tasowa.

A kogin nan, babban abu da ke motsi a ƙarƙashin ruwa sunansa dorina, kuma kowa ya san yadda take yi da kwalekwale da mai shi.

Kakale ya ji tsoro, tsoro na gaske. Amma da hannunsa ya ɗora dutsen nan, kuma duk duniya ba wanda ya san inda yake sai shi.

Ya yi bisimilla ya yi tsalle.

Ruwan duhu ne, da lalube ya sami kejin. Ya ture dutsen. Igiyar murfin ta ƙi kwantuwa, don shi ya ɗaure ta da kyau. Wani ƙaton jiki ya goge shi ta baya, ya ji har cikin ƙashinsa, bai saki ba. Ya sa haƙori ya sa farce har igiya ta tsinke. Ya rungumo ɗan ayun ya yi sama da shi.

Shiru. Jikin ya saki, hancin a rufe.

Ya tallafe haɓar ɗan ayun sama da ruwa, yana jijjiga shi, yana magiya. "Haba ɗan nan, yi haƙuri. Shaƙa mana. Don Allah shaƙa."

Sai hancin ya buɗe. Fuuu! Ɗan ayu ya fesa masa ruwa da majina a fuska, ya ja iska, ya sake ja.

Jama'a, Kakale ihu ya yi! Ƙato da gemunsa, a cikin ruwa har wuya, yana dariya yana hawaye yana kabbara, tsuntsayen cikin ciyawa duk suka watse.

A gefensa kaɗan wani babban hanci ya ɓullo, ya huci, ya tsaya. Ashe ba dorina ba ce. Uwar ce, tun ɗazu tana kewaya kejin ta rasa yadda za ta yi.

Ba wanda ya gaya wa Kakale abin da ya kamata. Ya buɗe hannuwansa. Ɗan ya sulale ya nufi uwarsa, ya cusa baki a hammatarta, inda nonon ayu yake, ya kama. Kakale ya tsaya yana kallonsu har suka shige cikin ciyawa.

Da ya koma tudu, ya tarar da wayar a ƙasa, kiran bai yanke ba. Muryar Malama Luba har ta dushe da kiran sunansa.

"Malama, shina da rai. Ya tahi da uwatai."

Ya ji ta fashe da kuka tana hamdala. Shi kuwa ya zauna daɓas a ƙasa.

"Malama," ya ce, "saura ƙiris in kashe shi da hannuna. Kuma wallahi son shi nika yi."

Darasi:

Kyakkyawar niyya ba ta isa ita kaɗai. Dabarar da ta saba yi maka aiki tana iya zama ajalin wanda kake son ceto, ko dabba ce, ko ɗanka, ko matarka, ko wani da ya fake a hannunka. Kafin ka rufe shi ka ce kariya ce, tambayi wanda ya sani ko yana iya numfashi a inda ka sa shi.

Idan kana da ɗan'uwa ko aboki da ke sana'a a bakin kogi, tura masa wannan yau. Ka gaya masa ayu iska yake shaƙa, kuma waɗanda suka rage mana ba su da yawa.