Soron da Muka Sayar

Shekara shida ina ɗaukar muryoyin mawaƙa a soron kakanmu da ke Koki. Ginin ƙasa ne mai ɗaurin guga, rufinsa a lanƙwashe kamar baka. In mutum ya ɗaga murya a ciki, sai ta yi sama ta dawo da taushi, ba sai na ƙara mata komai a kwamfuta ba. Da aka zo rabon gado aka ce a sayar da gidan, ni ma na sa hannu. Kafin damina ta faɗi an rushe shi, an fara ginin shaguna.

Na kama ɗaki a wani bene wajen Ƙofar Mazugal, na liƙa soso a bango. A nan murya busasshiya take fitowa, kamar mai magana cikin bargo. Shi ya sa na sayi ribab, manhajar da ke ƙara wa murya amon ɗaki. Sau uku katin bankina yana ƙin biya, sai da wani abokina ɗan kasuwa ya saya mini da nasa.

Na buɗe na ga jerin wuraren da take kwaikwayon amonsu: coci, kogo, zauren taro, har banɗaki mai tayil. Babu soron ƙasa. Kwana huɗu ina fama, in rage tsawon amon, in dushe kaifinsa.

Wanda ya fara gwadawa wani dattijo ne mai waƙar bege, tela a Ƙofar Wambai, wanda duk waƙoƙinsa a soron muka ɗauka. Ya hau benen yana haki. Ya yi baiti biyu, na ɗora amon, na kunna masa.

"Malam, a rijiya ka jefa ni?"

"Baba, bari in rage."

Na rage. Ya sake saurara, ya girgiza kai.

"A can, tun ina yi nake jin muryata tana dawowa. Da ita nake sanin inda zan ja numfashi."

Na ce ai zan iya sa masa amon a kunne yana cikin rerawa. Muka gwada. Kwamfutata ta tsufa, amon yana makara, sai ya riƙa tuntuɓe a baitin da ya shekara talatin yana yi. A karo na uku ya tsaya, ya share gumi da hannun riga. Ban taɓa ganin kunya a fuskarsa ba sai ranar.

"Wai su wa suka sayar da gidan soron nan?"

Na ce 'yan'uwa ne. Ban ce har da ni ba.

Masu waƙar biki kuwa sun so abin sosai, kullum cewa suke in ƙara. Aiki ya fi na da yawa. Shi dai dattijon bai sake hawa benen ba, baitocinsa biyu suna nan a kwamfuta ban goge ba.

Da salla ta matso na kai masa ɗinki. Ya auna ni, muka yi hirar tsadar shadda. Bai ambaci waƙa ba, ni ma na kasa.