Takardu Biyu Da Kawu Ya Ajiye Wa Inna

Duk ranar da manyan motoci suka yi layi a bakin iyaka suna jiran a buɗe masu hanyar Maraɗi, warin man gas yakan biyo iska har tsakar gidana. Mutanen ƙetare gazuwal suke ce mashi. Jikokina su toshe hanci. Ni ba na toshewa, don a jikin rigar Kawu na fara jin warin nan, ina 'yar shekara bakwai ko takwas, shekarar da aka so a ɗauki mahaifiyata hoto ba a ɗauka ba.

Kawu ƙanen Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne mai hoton garinmu a wancan zamani. Akwatinsa na katako ne mai ƙafa uku, da baƙin ƙyalle a baya, da wani hannun riga a gefe wanda yake zura hannu ciki ya wanke hoton nan take. Ranar kasuwa yakan kafa shi a gindin itacen bedi. In ka zauna sai ya ce kar ka motsa, kar ka ƙifta. Ya cire murfin idon akwatin, ya ƙirga uku, ya mayar. Hoto ɗaya takarda biyu yake ci. A ta farko fuskarka fara take fitowa, rawaninka baƙi, sai ya sake ɗaukar ita takardar, sannan ka fito mutum. Takardun daga Kano ake kawo mashi, kuma ba kullum ba.

Ya ɗauki fatake, ya ɗauki Fulani masu saukowa da shanu, ya ɗauki mutanen Magama da na Mazanya. Yayarsa kaɗai ta ƙi. Shekara da shekaru yana roƙo, tana cewa me za ta yi da fuskarta a takarda. Sai a kakar nan, bayan tarin da ta kwashe damina tana yi, ita da kanta ta aika aka kira shi.

"In an gama ɗaurin gero ka taho da akwatin naka," in ji ta.

Ba wanda ya tambaye ta abin da ya sauya mata ra'ayi. Kawu ya ware takardu biyu, ya naɗe su daban, ya ce na Yaya ne.

To, shi Kawu yana da wani ciwo, ciwon jirgin ƙasa. Mu a Jibiya ba mu da dogo. Mafi kusa sai Ƙauran Namoda, inda ake lodin gyaɗa. Direbobi suka ba shi labari wai an kawo sabon kan jirgi, ba mai cin kwal ba, mai shan gas, yana jan taragu har ido ya gaji da bin su. Bai ƙara zama ba. Ya bi motar gyaɗa ta hanyar Zurmi, shi da akwatinsa da duk takardun da ya mallaka.

Abin da ya faru a can daga bakinsa na ji, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ya ce ya iske kan jirgin a tasha, tsaye, ana mashi lodi. Ma'aikata suka ce ga shi nan, ɗauka. Ya ce a'a. Wai a tsaye ƙarfe ne kawai, shi yana son shi cikin aiki, kaya a baya, yana nishi. Sai ya sungumi akwati ya fita bayan gari, inda dogon ya ɗan hau tudu, ya kafa, ya jira.

Kun gane abin da bai gane ba. Akwatin nan na masu zama ne. Jirgi ba a ce mashi kar ka motsa. Ya cire murfi ya ƙirga uku, ya wanke, sai ga wani jirwaye kamar an ja gawayi a bango. Washegari ya ƙirga biyu. Jirwaye. Jibin ya ƙirga ɗaya. Jirwaye. Kwana huɗu yana cin rogo a bakin dogo, har direban ya san shi, yana danna mashi ƙaho in ya zo wucewa. Rana ta biyar ba abin da ya rage sai takardun Inna. Ya ce ya daɗe yana riƙe da su, ya ma yi niyyar naɗe akwatin. Sai ya ji ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin ƙafarsa.

Ya dawo ana gobe ranar da suka sa shi da Inna don ɗaukar hoton. Na tarbe shi a zaure, na rungume ƙafafunsa, na shaƙi wani wari da ban sani ba.

Da hantsi Inna ta yi wanka. Tun shekaranjiya ta ƙunsa lalle. Ta sa kwalli, ta ɗaura zanenta na saƙi, ta zauna bisa kujera 'yar tsugunno a jikin rumbu. Kawu ya kafa akwati, ya shiga ƙyalle, ya fito. Ya cire murfi, ya ƙirga uku, ya mayar. Sai ya tsaya yana gyaran ƙafar akwatin da ba abin da ya same ta.

"Auta," in ji Inna, "ban ga ka zura hannu ba."

Ya ci gaba da gyaran ƙafar akwatin.

"Ni ce na goye ka. Babu kome cikin akwatin nan, ko?"

"Babu, Yaya."

"Jirgin ya cinye ni ke nan. To, nuna mani shi, in ga wanda ya fi ni kyau."

Ya fiddo takardar daga aljihu, ya durƙusa gabanta. Ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa.

"Wanga ai hadari ne."

"Ga kan nan, Yaya. Ga taragu. In kin lura, nan hannun direba ne."

"Kai dai ka gani," ta ce. Ta yi dariya har tari ya tsare ta. Da ya lafa ta ce ba kome, in takarda ta zo ya dawo, lalle ai ba ya ƙarewa. Ta tashi ta sauya zane ta koma bakin turmi.

Takarda ta zo bayan wata biyu. Ta iske Inna ta rasu da kwana tara.

Ba zan ce maku Kawu ya bar jirgi ba, don bai bari ba. Ranar sadakar uku ya kasa cin abinci, ya yi shekara bai taka Ƙaura ba, sannan ya koma. Daga baya ya samu ƙaramar na'urar hoto ta rataye a wuya, wadda ba ta jiran ƙirga. Ya ɗauki kawunan jirgi a Gusau, a Funtuwa, a Zariya, kowanne yana jan kayansa, har lambar jikinsu ana karantawa. Masu ilimi sun zo gidansa sun gani sun yaba. Ban taɓa jin wani cikin dangi ya yi mashi gori ba. Ni ma ban yi ba. In na kai mashi tuwo yakan daɗe yana kallona, ya ce goshin ne kawai na Yaya, sauran na ubanki ne.

Yanzu ga shi ana shimfiɗa dogo ta gefen garinmu, za a wuce da shi Maraɗi. Ɗana ya ce tun ba a gama ba akwai masu zuwa daga nesa suna duba inda za su tsaya su ɗauki kan jirgi in ya fara jan kaya. Irin su Kawu ba su ƙare ba. Wayoyinsu ba su san takarda ba, ba abin da zai ƙare masu. Ni ma jikoki sun ɗauke ni ya fi a ƙirga, ina tsince wake, ina gyangyaɗi, ba wanda ya ce in zauna daidai.

Muryar Inna ina da ita, da tarin, da yadda take ɗaura zane. Fuskar ce ta tafi, a hankali, ban san ranar da ta ƙarasa tafiya ba. Tsofaffin da suka san ta sun ce 'yata ta biyu ita ce sak. In ta zo ganin gida nakan zauna in dube ta har ta tsargu ta ce, "Inna, lafiya?" In ce lafiya. Waɗanda suka faɗa ɗin duk sun rasu, ba wanda zan sake tambaya.