Takalmin Baba a Dutsen Sinai

Jiya ina ɗaura wa jikana igiyar takalmi, sai na tuna dattijon da ya riƙe mu muna ɗalibai a ƙasar waje, a unguwar Madinat Nasr. Baba muke ce masa. In ana tafiya shi ne na ƙarshe, wai kada a bar kowa a baya.

A wani hunturu ya kai mu Dutsen Sinai. Ni da ban san ƙanƙara ba, da silifa na hau. A wani kwari kusa da ƙololuwa ƙafafuna suka sandare, na zauna ina hawaye.

Baba ya tuɓe takalminsa, ya miƙo mini da ɗuminsa. "Yalla, maza, ɗana, saka. Ba ni naka."

Da jini a dunduniya ya sauko.

Ya Allah, ranar ƙetare siraɗi kada Ka bar shi a baya.